Bandejin da ke sakin magani da kansa: yadda zaren nano ke aiki da dalilin da bai iso asibitocinmu ba

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce, yawancin aikina wankin ciwo ne, musamman gyambon ƙafa na masu ciwon suga. Na karanta cewa ana yin wani bandeji da zare siriri wanda ido ba ya gani, a cusa magani a cikin zaren, ya riƙa fita kaɗan-kaɗan har kwanaki ba tare da an buɗe ciwon ba. Da gaske ne? Yaya zare zai san adadin da zai saki? Kuma in abin yana da kyau haka, me ya sa ba mu taɓa ganinsa a ɗakin wankin ciwo ba?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya saka miki da alheri kan wannan aiki, don wankin gyambo sai mai haƙuri. Abu uku kike son sani: ko akwai wannan zaren, me ke tsara fitar magani daga cikinsa, da abin da ya tsare shi a hanya. Na farko amsarsa gajeriya ce. Akwai shi, kuma kaɗa shi da auna yadda yake sakin magani yana cikin aikina a ɗakin gwaje-gwaje. Sauran biyun su ne za su ɗauke mu lokaci, kuma a haɗe suke, domin abin da ya ba zaren daraja, wato sirantarsa, shi ne kuma ya sa riƙe magani ke masa wuya.

Mu fara da buƙatar. Idan mutum ya haɗiyi ƙwaya, maganin yakan hau a jini, ya kai ƙololuwa, sannan hanta da ƙoda su fara rage shi har lokacin shan na gaba ya zo. Aikin magani yana tsakanin iyaka biyu ne: ƙasa da ta farko ba ya amfani, sama da ta biyu yana cutarwa. Ga mai ciwon suga da jijiyoyin jinin ƙafarsa suka ƙuntace, akwai ƙarin matsala: maganin ya zaga jiki duka, ya dami ciki da ƙoda, amma abin da ya isa bakin gyambon ɗan kaɗan ne. Mutanenmu sun daɗe da lura da wannan. Na tabbata kin sha karɓar ciwon da aka fasa kafson ja da yalo aka barbaɗa a kai. Tunanin a kai magani inda ciwo yake ba shi da laifi. Aibin yana ga yadda aka kai shi: ya zubo gaba ɗaya a lokaci guda, ruwan ciwo ya wanke yawancinsa, ɗan abin da ya rage kuma bai isa kashe ƙwayoyin cuta ba, sai dai ya bar masu taurin kai a cikinsu su yaɗu. Abin da masu bincike ke nema shi ne maganin ya zauna a wurin, a kan adadin da ke aiki, na tsawon lokacin da ake buƙata.

Wannan ilimi ya girmi zaren nano. A 1961 Takeru Higuchi ya fitar da lissafin yadda magani ke tsatsafowa daga cikin abin da ya riƙe shi, a 1976 kuma Robert Langer da Judah Folkman suka nuna cewa polima, wato sinadari mai doguwar sarƙa irin na leda, na iya sakin manyan sinadarai irin furotin a hankali. Kuma kina da misalinsa a asibitinku: ashanar fata ta tazarar haihuwa. Implanon sanda ce mai tsawon santimita 4 da kaurin milimita 2, tana ɗauke da miligiram 68 na magani, tana sakinsa har shekara 3. Ki riƙe wannan kaurin na milimita 2, za mu buƙace shi.

Yadda ake kaɗa zaren

Polima sinadari ne mai doguwar sarƙa, ƙananan guntaye iri ɗaya da suka jeru dubbai. Leda polima ce, auduga polima ce, zaren ɗinkin tiyata da ke narkewa a jiki shi ma polima ne. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Zaren da muke magana a kai yawanci kaurinsa tsakanin nanomita 100 ne zuwa 1,000, alhali gashin kai yana tsakanin 50,000 zuwa 100,000.

Wanda ya taɓa ganin tsohuwa na kaɗi ya ga tushen abin: tana jan auduga, mazari na juyawa, zare na sirancewa yana tsawo. A nan wutar lantarki ce ke yin jan. Ana narkar da polima da magani a cikin wani ruwan sinadari mai saurin bushewa, a zuba a sirinji mai allurar da ba ta da tsini. Wata na'ura tana tura sirinjin a hankali, kamar mililita ɗaya a awa. Sai a haɗa allurar da wuta mai ƙarfin bolt 10,000 zuwa 30,000, a ajiye farantin ƙarfe ko ganga mai juyawa a gabanta, tazarar santimita 10 zuwa 20. Ɗigon da ke bakin allura yakan cika da caji, ya yi tsini, sannan wani siririn ruwa ya fice daga tsinin. Yana fara tafiya a miƙe, sai ya shiga wulwulawa da tsananin sauri, kuma a wannan wulwulawar ce yake miƙewa ya sirance, ruwan sinadarin ya bushe a iska. Abin da ke sauka a faranti busasshen zare ne, yana hawa kan juna ba tsari har ya zama farin ƙyalle mai laushi, wanda yawancinsa iska ce.

Wannan dabara ta daɗe. John Cooley ya yi rajistar irinta a Amurka a 1902, Anton Formhals ya inganta ta daga 1934, a ƙarshen shekarun 1930 kuma Igor Petryanov da abokan aikinsa a Tarayyar Sobiyat suka yi amfani da ita wajen yin matatar iska. Geoffrey Taylor na Ingila ya yi lissafin tsinin ɗigon a shekarun 1960, shi ya sa ake kiran tsinin da sunansa. Darrell Reneker na Jami'ar Akron ne ya farfaɗo da fannin a farkon shekarun 1990. Batun saka magani a ciki ya zo daga baya. Aikin da aka fi ambata a matsayin mafari ya fito a 2002, kuma marubucinsa na farko Bamisire ne, El-Refaie Kenawy na Jami'ar Tanta, tare da abokan aikinsa a Jami'ar Virginia Commonwealth. Maganin da suka gwada kuwa tetirasaikilin ne, wato dai ja da yalo.

Inda wahalar take

Zare ba ya sanin komai, 'yar'uwa. Ba ya jin ko ciwo ya ƙaru ko ya ragu. Abin da ke tsara fitar magani shi ne nisan da maganin zai ratsa kafin ya fito, da saurin shigar ruwa, da saurin ruɓewar polimar.

Ga lissafin da nake son kowa ya gane kafin ya ruɗu da hotunan mujallu. Lokacin da ƙwayar sinadari ke ɗauka ta ratsa abu yana tafiya ne da nisan sau kansa. In an rage nisa sau 10, lokaci ya ragu sau 100. In an rage sau 1,000, lokaci ya ragu sau miliyan. Daƙiƙa miliyan kwana 11 ne da rabi, don haka abin da zai ɗauki kwana 11 da rabi yana fita daga zare mai kauri, a lissafi, cikin daƙiƙa ɗaya zai fita daga wanda ya fi shi siranta sau 1,000. Yanzu ki dawo kan ashanar fata: milimita 2 ya ninka zare mai nanomita 200 sau 10,000. Kuma polimar da aka yi Implanon da ita dangin ɗaya ce da wadda su Kenawy suka kaɗa. Sandar tana aiki shekara 3, ƙyallensu kuwa ya saki magani na kimanin kwana 5. Magungunan biyu ba ɗaya ba ne, amma kauri na da babban rabo a wannan tazara.

Saboda haka halin zaren nano na asali shi ne gaggawa. Abin da na fi gani a gwaji kenan: a jefa ƙyalle a ruwan gishiri mai ɗumin jiki, digiri 37, a fara ɗiba ana aunawa, sai a tarar rabin maganin ko fiye ya fita a 'yan awannin farko, sauran kuma yana ɗigowa a ƙasa da adadin da zai yi aiki, wani ma ya maƙale bai fito ba sam. Muna kiran wannan kwararar farko. Dalilinta shi ne lokacin da zaren ke bushewa a iska, maganin da bai jitu da polimar ba yakan gudu zuwa bayan zaren ya daskare a can. A na'urar hangen ƙananan abubuwa akan ga 'yan duwatsunsa a jikin zaren ƙarara. Wannan ba shi da maraba da barbaɗa hoda, sai dai tsada.

To me ake yi? Mataki na farko shi ne dacewar magani da polima. Maganin da ke son mai a haɗa shi da polimar da ke ƙin ruwa, sai ya narke a cikinta ya zauna. Masu bincike a Changchun ta ƙasar Sin sun nuna wannan da magungunan daji: fakilitakzel ya zauna lafiya a zaren wata polima mai ƙin ruwa da ake kira PLA, amma gishirin dokzorubisin mai son ruwa ya kwararo da wuri, sai da aka mai da shi siffar da ba ta son ruwa sannan ya nutsu. Matsalar aikinki ita ce yawancin magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake son sakawa a ciwo, irin su jentamaisin, masu son ruwa ne ƙwarai, wato su ne mafi wuyar riƙewa.

Sai zaɓen polimar kanta. PVP da PVA suna narkewa a ruwa, don haka da su ake yin abin da ake so ya saki magani nan take. PLGA tana ruɓewa a hankali idan ruwa ya shige ta, kuma ana iya daidaita saurinta: da guntaye iri biyu ake haɗa ta, laktik da gilaikolik, kuma haɗin rabi da rabi yakan ƙare cikin wata ɗaya zuwa biyu, in aka ƙara ɓangaren laktik sai ta ƙara daɗewa. PCL tana kai shekara 2 zuwa 3 a jiki. Akwai kuma na halitta, kamar jelatin da kaitosan da ake samu daga ɓawon jatan lande. Kowace da aibinta. PLGA idan tana ruɓewa tana sakin asid, wanda ke iya lalata maganin furotin kafin ya fito, ya kuma harzuƙa naman da ke kewaye.

Dabarar da ta fi burge mutane ita ce zare mai ɓargo da ɓawo, wadda ta bayyana a wajen 2003. Ana saka allura a cikin allura: ta ciki tana ɗauke da magani, ta waje polima zalla, sai zaren ya fito da maganin a tsakiya, ɓawo ya rufe shi. Idan ta yi kyau tana rage kwararar farko sosai, tana kuma kare magani mai rauni daga ruwan sinadarin da zai ɓata shi. Amma tana da wuyar sha'ani. Dole saurin ruwan biyu da kaurinsu su daidaita, in ba haka ba ɓawon ya tsage ko ɓargon ya yanke a wasu wurare, kuma ba a gane hakan da ido. Ni a nawa aikin na fi amincewa da hanya mai sauƙi: a kaɗa shimfiɗar da ke da magani, a rufe ta sama da ƙasa da shimfiɗar polima mai ƙin ruwa. Iskar da ke tsakanin zaruruwan tana hana ruwa shiga da sauri, sai ƙyallen ya riƙa jiƙa daga waje zuwa ciki. Ki lura, a nan kaurin ƙyallen gaba ɗaya ne ke tsara lokaci, ba siririn zare ɗaya ba.

Kada ki ɗauka gaggawar ba ta da amfani. Akwai magunguna da yawa da matsalarsu ita ce ƙin narkewa, kamar itirakonazol na cutar fungas. Saboda zaren yana bushewa cikin ƙiftawar ido, maganin ba ya samun damar daskarewa ya zama dutse, sai ya zauna a warwatse, ya narke da sauri idan ya haɗu da ruwa. A ganina nan ne fasahar ta fi tafiya da halinta. Ga ciwo ma, ɗan kwarara a farko abin so ne don a buge ƙwayoyin cuta, muddin abin da ya biyo baya bai faɗi ƙasa da adadin da ke kashe su ba.

Akwai wata iyaka da ba a cika faɗa ba: yawa. Ƙyalle mai faɗin tafin hannu nauyinsa 'yan ɗaruruwan miligiram ne, magani kuma kaso kaɗan ne na wannan. Wanda aka rubuta wa amoksisilin miligiram 500 sau uku a rana na mako guda zai sha giram 10 da rabi. Ba ƙyallen da zai ɗauki wannan. Shi ya sa zaren nano ya dace ne da magani mai ƙarfi a ɗan adadi, ko wurin da ake son magani ya tsaya: ciwo, cikin baki, ido, ramin dasashi, gurbin da aka cire ƙari.

Me ya tsare shi

Na farko yawan samarwa. Allura ɗaya mai tura mililita ɗaya a awa, da ruwan da kashi 10 cikin ɗari ne polima, tana ba da kashi ɗaya cikin goma na giram a awa. Kilo ɗaya zai ci awa 10,000, fiye da shekara. An rage wannan matsala da injinan da ba sa amfani da allura, irin Nanospider da ya samo asali daga aikin Oldřich Jirsák a jami'ar Liberec ta Jamhuriyar Cek a farkon shekarun 2000. Amma yin matatar iska da yawa daban, yin magani daban. A magani dole kowane yanki ya ɗauki adadi ɗaya, yau da gobe.

Na biyu ragowar ruwan sinadari. Waɗanda suka fi ba da zare mai kyau, irin kulorofom da DMF, guba ne. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta yarda da kashi 60 kacal cikin miliyan na kulorofom a magani, DMF kuma 880. Sai an busar an auna an tabbatar. Na uku kashe ƙwayoyin cuta a jikin bandejin. Otokilef ɗinku, wato tukunyar da ke kashe ƙwayoyin cuta a kayan aiki da tururi, yana aiki a digiri 121, PCL kuwa tana narkewa a wajen 60. Dole a koma ga wani haske mai ratsa abu da ake kira hasken gama, ko ga iskar gas, kuma hasken gama yana gutsuttsura sarƙar polima, ya canza saurin sakin maganin da aka sha wahala aka daidaita.

Na huɗu ya shafe mu kai tsaye: zafi da laima. PLGA takan fara laushi a wajen digiri 45 zuwa 55, in ta sha laima kuma wannan iyakar tana sauka. Ki tuna ɗakin ajiya mai rufin kwano a watan Afrilu, ko bayan mota a kan hanyar Sakkwato ko Maraɗi. Ƙyallen zai iya tsukewa, zaruruwan su manne, maganin da ke warwatse ya koma dutse. A ido ba abin da ya canza, amma ba zai yi aikin da aka rubuta a kwali ba. Maganin da za a yi wa rajista a Najeriya ana gwada juriyarsa a digiri 30 da laima kashi 75 cikin ɗari, kuma ƙyallaye da yawa da ake yabawa a mujallu ba a kai su wannan gwajin ba. Ko kaɗin kansa yanayi na taɓa shi. Haɗin da ya ba da zare sumul a bushewar hunturu zai iya fitowa da ramuka ko ƙulle-ƙulle da damina, sai in ɗakin yana da na'urar daidaita laima da wutar da ba ta ɗaukewa.

Na biyar shi ne mafi nauyi: gwaji a jikin mutum. Bandeji mara magani kayan aiki ne a idon hukuma, hanyarsa gajeriya ce. Shi ya sa waɗanda suka riga suka shiga asibiti a Amurka da Turai marasa magani ne, kamar Restrata na rufe ciwo, da bututun jijiyar zuciya na PK Papyrus da aka lulluɓe da irin wannan zare. Da an saka magani sai ya zama sabon magani, da shekarun gwaji da kuɗi mai yawa. Daga cikin waɗanda suka yi nisa akwai Rivelin, ɗan manne na cikin baki da Jami'ar Sheffield ta yi tare da wani kamfanin Denmark, mai ɗauke da kulobetasol don wani ciwon kumburin fatar baki, wanda ya kai mataki na biyu na gwaji a kan mutane. A Jami'ar Washington kuma Kim Woodrow da ɗalibanta sun wallafa aiki a 2012 kan ƙyallen da mace za ta saka ya saki maganin kariya daga cutar ƙanjamau. Mafi yawan sauran suna matakin kwalba da ɓera.

Gyambon da ke gabanki

A nan dole in tsaya a matsayina. Ni aikina a kan teburin gwaji yake, ke ce ke ganin ƙafar. Abin da nake aunawa ruwan gishiri ne mai tsabta da ake juyawa a kwalba. Gyambo yana da mugunya da mataccen nama, yau ya yi ruwa gobe ya bushe, ƙwayoyin cuta kuma sun gina wa kansu yauƙin da magani ke wahalar ratsawa. Ciwon ɓera ma yana warkewa ne ta hanyar tsukewar fata, ba kamar ƙafar dattijon da ya shekara 20 yana fama da ciwon suga ba. Duk adadin da aka samu a kwalba alama ce kawai.

Kuma ki san cewa jagorar ƙasa da ƙasa kan ƙafar masu ciwon suga, ta 2023, ba ta ba da shawarar amfani da bandeji mai maganin kashe ƙwayoyin cuta don saurin warkar da irin wannan gyambo ba, saboda hujjar amfaninsa ba ta yi ƙarfi ba. Abin da ke warkarwa shi ne cire mataccen nama, ɗauke nauyi daga wurin ciwon, daidaita suga, duba gudun jini, da ba da maganin sha ko allura idan cutar ta shiga nama ko ƙashi. Alƙawarin "ba sai an buɗe ba har kwanaki" shi ma ki yi hattara da shi. Mai ciwon suga sau da yawa ba ya jin zafi a ƙafa, don haka idonki ne ke gano ja ko kumburi ko wari kafin abu ya kai ga yankewa. Inda nake sa ran irin wannan bandeji zai fara amfanar marasa lafiya shi ne ƙuna da ciwon tiyata mai tsabta, inda rage yawan buɗewa ke rage azaba, musamman ga yara.

Idan wata rana dillali ya kawo muku bandeji yana cewa na nano ne, ki duba lambar rajistar NAFDAC, ki tambayi sunan maganin da ke ciki da adadinsa a kowane yanki, kwana nawa yake saki, a wane zafi ake ajiye shi, da kuma ko an gwada shi a kan mutane masu irin ciwon da kike wankewa. In ya kasa amsa batun zafin ajiya da na gwajin mutane, ki sanar da likita da mai harhaɗa magungunan asibitinku kafin a ɗora shi a ƙafar kowa.